A Koya wa Ɗaliban Harhaɗa Magunguna Tantance Bincike Tun Kafin Shekarar Furojet

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya shafi 'ya'yanmu masu karatun harhaɗa magunguna a jami'o'i, ya kuma shafi duk wanda zai miƙa hannu ya karɓi magani daga gare su gobe. Ni ma'aikacin sashen magunguna ne a wani asibitin gwamnati, kuma shekara da shekaru ke nan ana turo mana waɗanda suka kammala karatu domin su yi shekarar sanin makamar aiki a hannunmu. Yawancinsu yara ne masu ƙwazo. Sun haddace sunayen magunguna, sun san adadin da ake ba babba da wanda ake ba yaro, sun san maganin da ba a haɗa shi da wani. Inda nake ganin giɓi shi ne idan sabuwar magana ta taso wadda babu ita a littafin aji, domin a nan ne za ka tarar ɗalibi bai san inda zai nemi amsa ba, in kuma ya samo wani rubutu bai san yadda zai auna nauyinsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata Alhamis da rana, bayan layin masu karɓar magani ya ragu. Wata ɗalibarmu ta matso kusa da teburina da waya a hannu, ta ce, "Yallaɓai, na samo binciken da ya nuna ganyen shuwaka yana maganin ciwon suga, kuma gwaggona tana so ta bar shan ƙwayar asibiti ta koma kansa." Na ce mata, "'Yata, a jikin wa aka gwada?" Ta yi shiru, ta yi ta jan shafin zuwa ƙasa, domin tsakuren da ke saman maƙalar kaɗai ta karanta. Da ta kai inda aka yi bayanin yadda aka gudanar da aikin, sai ta ga 'yan ɓeraye ne ƙalilan a ɗakin gwaji, waɗanda aka sa musu cutar da wani sinadari, aka ɗura musu ruwan ganyen na 'yan kwanaki, sannan aka auna jininsu. Babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Masu binciken ba su yi ƙarya ba, kuma aikinsu yana da amfani a matsayinsa na matakin farko, amma tazarar da ke tsakanin ɓera da gwaggo mai shekara sittin tana da yawa ƙwarai. Ko magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa ga samun izinin shiga kasuwa.

Ban ga laifin yarinyar ba. Yadda karatun yake tafiya, ɗalibi yakan shafe shekaru yana dogaro da abin da malami ya rubuta masa, ba ya haɗuwa da mujallun bincike sai shekarar ƙarshe ta zo an ce ya kawo babi na biyu na furojet, wato na bitar binciken da aka yi a baya, cikin 'yan makonni. A wannan gaggawa zai buga taken aikinsa a Google, ya kwashi abin da ya fito a shafin farko, ya ɗinke tsakure da tsakure, ya kai shagon buga takardu. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, waɗanda kan ƙago sunan maƙala da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, alhali babu wannan maƙala a duniya. Na taɓa zama da wani ɗalibi muna neman madogara guda uku da irin wannan manhaja ta ba shi, muka rasa ko ɗaya a cikinsu.

Abin yana ƙara damuna idan na tuna cewa mu al'umma ce da ta gaji tantance magana. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji karatun Hadisi ya san ba a karɓar riwaya don kawai an ce an ruwaito, sai an bi isnadi an ga wa ya ji daga wa, an duba ko mai ruwayar amintacce ne mai kiyayewa, sannan a ce wannan ingantacce ne, wancan mai rauni ne, wancan kuma ƙagagge ne. Fannonin biyu ba ɗaya ba ne, amma tarbiyyar tunanin iri ɗaya ce, kuma yaron da ya tashi da ita bai kamata ya ga an buga abu da Turanci a intanet ya sallama masa kai tsaye ba.

Nema shi ne matakin farko, kuma yana farawa ne tun kafin a taɓa kwamfuta. Ɗalibin da ya ce yana son "bayani a kan hawan jini" zai nutse a cikin dubban maƙaloli. Wanda ya zauna ya fayyace wa kansa irin majiyyacin da yake nufi, da maganin da yake tambaya a kai, da abin da za a kwatanta shi da shi, da sakamakon da yake son gani, ya riga ya yi rabin aikin. Daga nan sai ya nufi rumbun da aka tanada domin wannan aiki. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne PubMed, na Babban Laburaren Likitanci na Amurka, wanda aka buɗe wa kowa kyauta tun 1997, kuma yana ɗauke da bayanan maƙaloli fiye da miliyan 35. Yana da ƙamus nasa na kalmomin da aka tsara maudu'ai a kansu, wanda ake kira MeSH, kuma rashin saninsa yana jawo asara. Maganin da muke kira farasitamol, alal misali, a ƙarƙashin sunan acetaminophen aka jera shi, domin haka Amurkawa suke kiransa. Ɗalibin da ya iya haɗa kalmomi da AND da OR, ya kuma iya taƙaita sakamako zuwa gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, yakan mayar da dubu goma su koma arba'in da za a iya karantawa.

Akwai kuma laburaren Cochrane, na ƙungiyar da aka kafa a 1993, wadda aikinta shi ne tattara dukkan gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya guda, ta auna ingancin kowanne, ta fitar da abin da suka nuna a dunƙule. Ƙungiyar tana da cibiya a nan Najeriya, a Kalaba. Ga mai neman binciken da aka yi a nahiyarmu akwai African Journals Online da African Index Medicus, inda ake samun mujallun da manyan rumbuna ba su ɗauko ba. Kukan da ɗalibai suka fi yi shi ne idan sun sami maƙalar sai a ce su biya daloli kafin su karanta. Wannan gaskiya ne, amma da yawansu ba su san da PubMed Central ba, inda miliyoyin maƙaloli suke a buɗe, ba su kuma san da shirin Hinari ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Sau da yawa mabuɗin shiga yana wurin ma'aikacin laburare, ɗalibai kuwa har su gama karatu ba su taɓa sallama a ofishinsa ba.

Samun maƙalar bai kai auna ta wahala ba. Tambaya ta farko ita ce wace mujalla ce ta buga ta, domin akwai mujallun 'yan damfara da ba ruwansu da bitar masana, kuɗin marubuci kawai suke so. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin cutar daji, ya cika ta da kurakuran da duk masani zai gani da kallo ɗaya, ya aika wa mujallu 304, kuma 157 daga ciki suka amince za su buga. Irin waɗannan mujallu sun sami kasuwa a wurinmu saboda ƙarin girma a jami'a yana rataye da yawan abin da malami ya wallafa. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda, wadda take aiko da wasiƙun roƙo ta imel, wadda ba a samun ta a MEDLINE, jerin zaɓaɓɓun mujallun da ke cikin PubMed, ko a DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, ta cancanci a yi taka-tsantsan da ita.

Sai dai girman sunan mujalla ma bai isa hujja ba, kuma shekarar 2020 ta koya mana wannan da tsada. A watan Maris na shekarar wasu likitoci a Marseille ta Faransa suka fitar da rahoto a kan majiyyata 36, suna cewa haidiroksikulorokwin yana kawar da ƙwayar cutar korona. Ba a raba majiyyatan ta hanyar ƙuri'a ba, kuma an cire mutum shida daga lissafin waɗanda aka ba maganin, alhali ɗaya daga cikinsu ya rasu, uku kuma an kai su sashen kulawa ta musamman. Duk da haka labarin ya game duniya, kulorokwin, ɗan'uwan wannan magani, ya yi tsada a kemis-kemis, har hukumomin lafiya na Legas suka sanar da an kwantar da mutane saboda sun sha fiye da kima. Sai a Disambar 2024 aka janye wannan maƙala. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Mayun 2020 mujallar Lancet, wadda take cikin mafi daraja a duniya, ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majiyyata fiye da 96,000 daga asibitoci 671, ya kuma gano maganin yana ƙara mace-mace. Cikin mako biyu aka janye shi, domin kamfanin da ya ce shi ya tara bayanan ya kasa gabatar da su a bincika. Abin da ya raba gardama shi ne gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba majiyyata fiye da 4,700 ta hanyar ƙuri'a ya ga maganin ba ya rage mutuwa, kuma shi ne ya gano cewa deksametazon, tsohon magani mai araha da ke kan kowace kanta, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar 2023 kaɗai an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya, saboda haka duba ko an janye maƙala kafin a kafa hujja da ita ya zama wajibi, kuma PubMed yana sa alama a kan waɗanda aka janye.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwaji ma suna ya tara. Dalilin da ya sa ake fifita rabon ƙuri'a shi ne idan likita ne ya zaɓi wanda zai ba sabon magani, zai iya karkata ga masu sauran ƙarfi a jiki ko da bai yi niyya ba, sai a yaba wa maganin a kan sauƙin da dama za su samu. Haka kuma ake so majiyyaci da mai auna sakamako su kasance ba su san wa ya sha mene ne ba, domin zato yana canza abin da mutum yake ji da abin da mai dubawa yake gani. Sannan a ƙidaya mutanen da aka fara da su da waɗanda aka gama da su, a tambayi inda sauran suka shiga.

Wurin da na fi daɗewa da ɗalibaina shi ne lissafi, kuma ina amfani da misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. A 2010 aka wallafa sakamakon gwajin AQUAMAT, wanda aka yi a kan yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, kuma Ilori tana cikin cibiyoyin da aka yi shi. An yi wa rabi allurar kwinin, rabi kuma allurar atesunet. A cikin masu kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, a cikin masu atesunet kuwa kashi 8.5. Nakan ba ɗalibi takarda da biro in ce ya mayar da wannan zuwa yara dubu. Zai rubuta 109 a gefe guda, 85 a ɗaya gefen, ya ga bambancin yara 24 ne. Idan aka auna 24 da 109 sai a ce an rage mutuwa da kusan kashi 22 cikin ɗari, idan kuma aka auna ta da dubun gaba ɗaya sai a ce kashi 2.4 ne, wato a duk yara 41 ko 42 da aka yi wa atesunet a maimakon kwinin, an ceci rai guda. Dukkan alkaluman nan gaskiya ne, kuma a cutar da ke kwantar da dubban yaranmu kowace damina wannan babban rabo ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta a 2011. Amma ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa sau ɗaya, duk ranar da wakilin kamfani ya zo da takarda mai sheƙi yana cewa maganinsu yana rage haɗari da rabi, zai tambaye shi rabin nawa, domin saukowa daga mutum biyu cikin dubu zuwa mutum ɗaya ma rabi ne.

Wannan misali yana da wata fa'ida ga masu zargin cewa ma'aikatan asibiti sun raina maganin gargajiya. Atesunet kansa daga tsiro ya samo asali, daga wani nau'in tazargade da Sinawa suka daɗe suna amfani da shi, kuma Tu Youyou, wadda ta jagoranci fitar da sinadarinsa a farkon shekarun 1970, ta sami kyautar Nobel a 2015. Abin da ya kai shi ga wannan matsayi shi ne ya bi matakan gwaji ɗaya bayan ɗaya har zuwa gadon yaro mara lafiya. Ina fatan shuwaka da zogale da sauran itatuwanmu su sami masu bin wannan hanya da su har ƙarshe, maimakon a tsaya a kan ɓeraye a rubuta furojet a ajiye a kabad.

Dole kuma ɗalibi ya duba abin da aka auna. Gyaruwar lamba a takardar gwaji daban, tsawon rai da lafiyar majiyyaci daban. A ƙarshen shekarun 1980 an yi gwajin CAST a Amurka a kan magungunan da ke daidaita bugun zuciya bayan bugun ya rikice sakamakon toshewar jijiya. Magungunan sun daidaita bugun kamar yadda ake so, amma waɗanda suka sha su sun fi mutuwa, har aka dakatar da ba da biyu daga cikinsu a 1989. Sai kuma tambayar ko mutanen da aka gwada sun yi kama da namu. Gwajin CREOLE, wanda aka jagoranta daga Jami'ar Abuja aka wallafa a 2019, ya ɗauki baƙaƙen fata 728 masu hawan jini a ƙasashen Afirka shida, ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jininsu a kan haɗin da babu shi. Wanda ya dogara da binciken Turai kaɗai zai iya kuskure wannan.

A ƙarshen kowace maƙala akwai 'yan layuka da ɗalibai ke tsallakewa, inda ake faɗin wanda ya ɗauki nauyin aikin, da alaƙar marubuta da kamfanoni, da lambar rajistar gwajin, da kwamitin ɗa'a da ya amince da shi. Rajista tana da muhimmanci domin tana nuna abin da masu bincike suka ce za su auna tun farko, sai a gane idan sun sauya magana bayan sun ga sakamako, kuma tun 2005 manyan mujallun likitanci suka shardanta ta. Batun ɗa'a kuwa ba sai an yi wa mutumin Kano dogon bayani ba, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kan izinin iyaye da takardar amincewa kafin a yi sulhu a 2009.

Roƙona ga Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya da Hukumar Jami'o'i da shugabannin tsangayoyinmu shi ne a fara koyar da wannan fanni tun aji biyu ko uku, kuma a koyar da shi a aikace, ɗalibi yana gaban kwamfuta, ma'aikacin laburare yana tsaye tare da malami. Jarrabawarsa ta kasance a miƙa wa ɗalibi maƙala a ce ya nuna ƙarfinta da rauninta, domin haddace ma'anar kalmomi ba ya haifar da wannan ƙwarewa. A manna hanyar shiga Hinari a allon sanarwa na kowace tsangaya, a kuma tanadi intanet mai aiki a laburare, tunda kuɗin data yana hana yara da yawa sauke cikakkiyar maƙala. Malamai masu duba furojet su riƙa zaɓar madogara biyu ko uku su ce ɗalibi ya kawo su a buɗe a gabansu. Mu ma da ke asibitoci akwai namu nauyin, kuma awa ɗaya a mako ta isa a zauna da masu koyon aiki a karanta maƙala guda tare, daga take har zuwa layin masu ɗaukar nauyi.

Haka muka fara yi a sashenmu tun bayan waccan Alhamis, kuma ɗalibar nan ce ta gabatar da zama na farko. Ta koma PubMed ta taƙaita nemanta ga gwaje-gwajen mutane, ta zo ta shaida mana cewa ba ta sami abin da zai sa a ajiye ƙwayar asibiti ba. Ta je ta yi wa gwaggonta bayani da Hausa, ta ce ta ci gaba da cin miyar shuwakarta, ta ci gaba da shan maganinta a kan lokaci, ta kuma riƙa zuwa awon suga duk wata.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin sashen magunguna,
Kano.